Daga Dalma Zuwa Roba: Tarihin Ƙera Ƙananan Mutum-mutumin Dakaru

Ƙera ƙananan mutum-mutumin sojoji da yi musu fenti tsohuwar sana'a ce a Turai, wadda daga baya ta bazu zuwa Amurka da Japan da wasu ƙasashe. Aikinta shi ne a fitar da surar dakare, wato sojan da ke yaƙi a ƙasa, a ƙanƙance, tsayinsa sau da yawa bai wuce na ɗan yatsa ba, amma da kakinsa da makaminsa da jakar bayansa kamar yadda sojan wata runduna ya kasance a wani zamani. Wasu don wasan yara aka yi su, wasu don koyar da dabarun yaƙi, wasu kuma don a ajiye a kalla. A kowane zamani, abin da aka ƙera su da shi ne ya yanke farashinsu, farashin kuma ya yanke wanda zai iya mallakarsu. An fara da itace da azurfa, aka koma kuza da dalma, daga nan aka shiga roba.

Tushe mai nisa

Daga cikin tsofaffin ƙananan rundunoni da aka sani akwai waɗanda aka tono a kabarin Mesehti, wani hakimin Asyut a Masar, wanda ya rayu wajen shekara 2000 kafin Miladiyya. Rukuni biyu ne na itace. Ɗaya yana da masu mashi 40 'yan Masar, kowa riƙe da garkuwa da aka yi wa zane irin na fatar saniya. Ɗayan yana da 'yan baka 40 daga Nubiya, an shafa musu launin fata mai duhu, tsayinsu kuma ba ɗaya ba. Kowane rukuni an jera shi sahu-sahu a kan allon katako. Suna gidan adana kayan tarihi a Alƙahira. Kayan kabari ne, an binne su da mai gidansu bisa imanin cewa za su tsare shi a lahira, amma suna nuna cewa tun a wancan lokaci masassaƙi yana lura da bambancin makami da shiga tsakanin runduna da runduna.

A Turai ta ƙarni na 17, ƙananan sojoji kayan fada ne. An ƙera wa 'ya'yan sarakunan Faransa rundunonin azurfa domin su koyi jera mayaƙa tun suna yara. Kaɗan ne irinsu suka tsira, domin azurfa kuɗi ce, idan baitulmali ya yi ƙasa narkar da ita ake yi. Ɗan talaka a lokacin sai dai sojan itace ko na takarda.

Falle-fallen kuza na Nuremberg

Sana'ar ta zama kasuwa ne a kudancin Jamus a rabin ƙarshe na ƙarni na 18. Nuremberg gari ne na maƙeran fari masu zuba kwanuka da kofuna na kuza. Iyalin Hilpert na cikin waɗanda suka fara zuba ƙananan mutane da dabbobi, har da Sarki Frederick na Prussia a kan doki, wanda yaƙe-yaƙensa suka sa sunansa a bakin kowa. Waɗannan sojoji falle ne, kaurinsu bai fi na kwabo ba. Ana samun dutse mai laushi irin wanda ake allon makaranta da shi, a raba biyu, a sassaƙa gaban soja a ɗaya, bayansa a ɗayan, a haɗa su daidai, sannan a zuba narkakkiyar kuza da aka gauraya da dalma. Cikin ƙiftawar ido ta daskare, a buɗe a cire. Mazubi ɗaya yana iya fitar da dubbai.

Ernst Heinrichsen ya buɗe masana'antarsa a Nuremberg a 1839, kuma shi ne ya tsayar da girma ɗaya ga sojojinsa, kimanin milimita 30 ga dakare. Wasu maƙera suka bi sahu, har girman ya zama ana kiransa ma'aunin Nuremberg. Amfanin wannan a fili yake: mai saye yana iya haɗa kayan masana'antu daban-daban a fili ɗaya ba tare da wani ya yi wa wani rata ba. Ana sayar da su ne bisa nauyi a cikin 'yan akwatunan katako masu siffar ƙwai. Fentin kuwa mata da yara ne ke yi a gidajensu a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Adabin zamanin ya nuna yadda suka shiga gidaje. Hans Christian Andersen na Denmark ya fitar da tatsuniyarsa ta sojan kuza mai ƙafa ɗaya a 1838. A Ingila kuma, sojojin itace goma sha biyu da aka sayo wa Branwell Brontë a 1826 su ne suka sa shi da 'yan uwansa mata suka fara ƙirƙirar labarai, matan kuma daga baya suka zama sanannun marubuta.

A Faransa maƙera sun bi wata hanya. Gidajen Lucotte da Mignot a Paris suna zuba cikakken soja mai kauri da ake iya kallo ta kowane gefe, galibi na rundunar Napoleon. A Dresden ta Jamus, Georg Heyde ya yi suna da irin wannan aiki, har da masu dafa abinci da masu jinya da masu kafa tanti. Masana'antarsa ta ƙone a ruwan bama-baman da aka yi wa birnin a 1945.

Siborne da filin Waterloo

Aikin da ya fara nuna cewa ƙaramin soja yana iya zama hujjar tarihi shi ne na Kyaftin William Siborne na rundunar Birtaniya. A 1830 aka ba shi aikin gina samfurin filin yaƙin Waterloo, inda aka karya Napoleon ranar 18 ga Yuni, 1815. Ya yi wata takwas a filin yana awon tudu da kwari da gonaki. Ya kuma aika wasiƙu ga hafsoshin da suka halarci yaƙin, yana tambayar kowa inda rundunarsa take da misalin ƙarfe bakwai na yamma da abin da ya gani a gabansa. Ya sami amsoshi kimanin 700.

Samfurin ya kammala a 1838 da ƙananan sojoji wajen 70,000, kowane bai fi tsayin farce ba. Gwamnati ta janye tallafinta tun aikin bai yi nisa ba, sai Siborne ya ci bashi ya ƙarasa. Wata matsalar kuma ta taso game da sojojin Prussia, abokan Birtaniya a yaƙin. Binciken Siborne ya nuna su da yawa a filin a daidai wannan lokaci, abin da bai yi wa Duke na Wellington, kwamandan Birtaniya a yaƙin, daɗi ba, domin ya saɓa wa yadda shi ya ba da labarin nasarar. Daga ƙarshe Siborne ya cire da yawa daga cikinsu. Samfurin yana gidan tarihin sojojin Birtaniya a Landan, wasiƙun kuma sun zama babbar madogara ga masu nazarin yaƙin har yau.

Dabarar William Britain

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, yawancin sojojin da yaran Ingila ke wasa da su daga Jamus ake kawo su. Winston Churchill ya ba da labari a littafin ƙuruciyarsa cewa ya tara kusan 1,500, kuma ganin yadda yake jera su ne ya sa mahaifinsa ya tambaye shi ko zai shiga soja.

A 1893 William Britain ƙarami, ɗan wani mai ƙera kayan wasa a arewacin Landan, ya fito da zubi mai rami a ciki. Ana zuba narkakkiyar dalma a mazubin ƙarfe mai mariƙi, kafin cikin ya daskare sai a juya shi da sauri a tsiyaye abin da ya rage ta wata 'yar ƙofa a kan sojan. Abin da ya taɓa bangon mazubin kaɗai ke tsayawa, kamar ɓawon ƙwai. Dalmar da ake bukata ta ragu sosai, nauyin jigila ya ragu, farashi ya faɗi. Akwatin dakaru takwas ko mahaya biyar sule ɗaya ne. Gwanin mazubi yana fitar da ɗaruruwa a awa guda, mata kuma su bi da fenti mai sheƙi, kowace da launin da take shafawa.

Kamfanin iyalin, Britains, ya tsayar da girman milimita 54, wato kashi ɗaya cikin 32 na tsayin mutum, wanda ya yi daidai da wani girma na jirgin ƙasan wasa na lokacin. Ya kuma nace wa daidaito. Kowane jan akwati yana ɗauke da sunan rundunar da ke ciki, launin wuyan riga da na bakin hannu kuma ya dace da nata, domin a rundunar Birtaniya da waɗannan launuka ake bambance masu jar riga. Kamfanin yana bin labaran jarida sau da ƙafa. Yaƙin Sudan na 1898 da na Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902 duk sun fito a akwatuna tun ana cikin zancensu. Da masu kwaikwayo suka yi yawa, daga 1900 sai aka fara buga suna da kwanan wata a ƙarƙashin ƙafar kowane soja, aka kuma kai wasu kotu.

A wannan lokaci ne shigar soja ta canza. Kaki, kalmar da ta samo asali daga sunan ƙura a harsunan Indiya da Farisa, ya fara ne a wata rundunar Birtaniya a Indiya a shekarun 1840, ya zama kayan fagen fama na dukkan sojojin Birtaniya a 1902. Jamus ta koma ruwan toka, Faransa kuma ta riƙe jan wandonta har 1914 kafin ta sauya zuwa shuɗi mai haske. Masu ƙera kayan wasa sun ci gaba da sayar da masu jar riga, saboda su suka fi ɗaukar idon yaro, amma kaki ya shigo akwati shi ma.

A Jamus wasu kamfanoni biyu, Hausser mai tambarin Elastolin da kuma Lineol, sun yi amfani da kwaɓin garin katako da gam da farar ƙasa a kan ƙashin waya, a matse a mazubi a gasa. Sojojinsu sun kai santimita bakwai. A shekarun 1930 sun fitar da rundunonin 'yan Nazi da shugabanninsu, abin da ya sa ake kawo su misali idan ana zancen yadda kayan wasa ke zama kayan farfaganda.

Wasan yaƙi a kan tebur

Tun 1824 rundunar Prussia ta karɓi wani wasan horar da hafsoshi da wani ɗan ƙasar mai suna Reisswitz da ɗansa suka tsara, amma da 'yan guntayen ƙarfe masu launin ja da shuɗi ake yinsa a kan taswira. Wasan da ake yi da mutum-mutumi ya fito ne daga gidajen farar hula. Marubucin nan Robert Louis Stevenson ya yi irinsa da agolansa a Davos a farkon shekarun 1880. Wanda aka fi sani da fara buga ƙa'idoji don jama'a shi ne H. G. Wells, a littafinsa Little Wars na 1913. Ana jera sojojin Britains a daɓen ɗaki, a auna tafiyarsu da igiya, a harbe su da 'yar igwa mai sifirin da ke cilla tsinken katako. Wells mai ƙin yaƙi ne, kuma hujjarsa ita ce wanda ya buga wasan sau kaɗan zai gane irin shirmen da ke cikin yaƙin gaske. Shekara ɗaya bayan fitowar littafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Bayan an gama shi mutane sun ƙosa da kayan soja, har Britains ya fito da shanu da tumaki da manoma a farkon shekarun 1920 don ya riƙe kasuwa.

Wasan ya farfaɗo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Jack Scruby a Amurka ya fara wata mujalla ta masu wasan a 1957, yana kuma zuba ƙananan sojoji masu araha. Donald Featherstone a Ingila ya fitar da littafinsa War Games a 1962, inda ɗan lido ya maye gurbin igwa mai harbi, don ba wanda zai so a fasa masa sojan da ya kwana yana yi wa fenti. Masu wasa suna bukatar ɗaruruwan sojoji a tebur ɗaya, saboda haka suka fi son ƙananan ma'auni kamar milimita 15 da 25, daga baya 28.

Daga abin wasa zuwa aikin gwanaye

Tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, manya da suka taso da sojojin dalma suka fara kafa ƙungiyoyi. An kafa British Model Soldier Society a 1935. Da farko gyara suke yi: a sayi sojan kanti, a kankare fentinsa, a yanke hannu a sake masa wuri, a ƙara masa ɗamara da ɗan falle na dalma, a mayar da shi sojan wata runduna da kamfani bai taɓa yi ba. Daga nan masu sassaƙa irin su Charles Stadden suka fara fitar da sojoji don manya kawai, ba fenti, da gaɓoɓi daidai da jikin ɗan Adam. Mazubin roba mai jure zafi, wanda ake juyawa a inji don ƙarfe ya shiga kowane lungu, ya sa mutum ɗaya a ɗan shago yana iya fitar da abin da a da sai masana'anta.

Wannan mataki ya jawo bincike. Mai fenti yana son sanin adadin maɓallan riga, da launin igiyar hula, da gefen da ake rataya gorar ruwa. Zane-zanen kakin soja na Richard Knötel a Jamus, waɗanda suka fara fitowa a 1890, da na Lucien Rousselot a Faransa suka zama abin dubawa. Kamfanin Osprey na Ingila ya shiga fitar da jerin ƙananan littattafai masu hotuna masu launi, kowane a kan runduna ɗaya ko yaƙi ɗaya, mujallar Military Modelling kuma ta fara fita a 1971. A Faransa kamfanin Historex ya kawo sojojin Napoleon na roba mai tauri a shekarun 1960, gunduwa-gunduwa, har maɗaurin takalmi da alamar hula daban, don mai haɗawa ya tsara tsayuwar da yake so.

Zamanin roba

Roba ta shigo ne ta ƙofar kayan yara. A Amurka an fara sayar da sojojin roba tun 1938, bayan yaƙi kuma korayen sojoji da ake sayarwa cike da leda suka cika kantuna. A Ingila tambarin Herald ya fito a 1953, Britains ya saye shi a 1959, sannan ya daina zubin dalma mai rami a 1966, lokacin da illar dalma ga lafiyar yara ta sa hukumomi suka tsaurara doka.

Kamfanin Airfix, wanda Nicholas Kove ya kafa a 1939, ya fara sayar da akwatunan ƙananan sojoji wajen 1960, kusan arba'in ko fiye a akwati, tsayin kowane bai wuce santimita biyu da rabi ba, a farashin da ɗan makaranta zai iya biya da kuɗin kashewarsa. Aibinsu ɗaya ne: robar tana lanƙwasa, fenti ba ya kama ta da kyau, bakin bindiga na tanƙwarewa sai ya ɓare. Duk da haka, yawancin waɗanda suka zama gwanaye a Turai a shekarun baya da su suka fara.

Ma'aunin da ya fi rinjaye a yau daga Japan ya fito. Kamfanin Tamiya na Shizuoka ya ƙera tankar Panther ta Jamus a farkon shekarun 1960, aka yi girmanta daidai yadda batura biyu da ɗan inji za su shiga cikinta. Da aka auna sai aka ga ta zo kashi ɗaya cikin 35. A 1968 kamfanin ya fara fitar da sojoji a wannan girma don su raka tankokin, wasu kamfanoni a Italiya da Hong Kong da Rasha da Yukren suka bi, har ɗaya cikin 35 ya zama ma'aunin ƙananan kayan Yaƙin Duniya na Biyu. Robar waɗannan sojoji mai tauri ce, ana yanka ta, ana goge ta, gam yana narkar da ita ya haɗe, fenti kuma yana zama. Mazubinta na ƙarfe yana da tsada ƙwarai, shi ya sa manyan kamfanoni ke zaɓar abin da zai sayu da yawa, musamman sojojin Jamus da Amurka da Birtaniya. Kayan da ake sayarwa a Jamus ba sa ɗauke da tambarin 'yan Nazi, domin dokar ƙasar ta hana nuna shi. Daga shekarun 1980, wani ruwan roba da ake zubawa da sanyi ya daskare ya ba ƙananan masu sana'a damar fitar da rundunonin da manya suka tsallake.

Yadda fenti ya canza

Sojan wasa na dā launi ɗaya ake shafa wa kowane sashe, a ɗiga baƙi biyu a matsayin ido, a ɗan taɓa ja a kumatu. Gwanaye sun lura cewa ƙaramin abu ba ya yin inuwa kamar babba, saboda haka dole mai fenti ya zana inuwar da kansa. Ƙa'idar da aka zauna a kai ita ce a ɗauka haske daga sama yake saukowa. Kafaɗa da doron hanci da saman kowace lanƙwasar tufa su yi haske, ƙarƙashin haɓa da hammata da cikin lanƙwasa su yi duhu. Masu fentin falle-fallen kuza su suka fi kowa bukatar wannan, tunda da launi kaɗai za su sa falle ya yi kamar mai jiki.

Tsarin aikin bai canza sosai ba. Ana kankare layin da bakin mazubi ya bari, a haɗa gaɓoɓi, a cike tsaga da wani kwaɓi mai daskarewa kamar Milliput, a shafa fentin share fage don na sama ya kama. Yawanci da fuska ake farawa, domin idan ido ya karkace duk sauran aikin ya tashi a banza. Daga nan tufa, sai ɗamara da jaka, sai makami, a ƙarshe a kafa sojan a kan ɗan dandamali da aka yi wa ƙasa da ciyawa.

Abin da ya canza shi ne irin fentin. Daga shekarun 1950 'yan gwangwanayen Humbrol na Ingila suka zama ruwan dare. Masu neman laushin launi suka ɗauko fentin mai na masu zane, wanda ke kwana bai bushe ba, don haka ana iya sajar da haske da duhu a jikin sojan. A shekarun 1990 gwanayen Sifaniya suka yaɗa fenti mai narkewa a ruwa, irin na kamfanin Vallejo, wanda ke bushewa cikin mintoci, ana shafa shi siriri-siriri sau da yawa har launi ya hau a hankali. François Verlinden na Beljiyam ya yaɗa wasu dabaru biyu masu sauƙi: a kwarara tsinkakken fenti mai duhu ya taru a lunguna, sannan a goga burushi da ya kusa bushewa a kan tudun abu don ya fito. Sheperd Paine na Chicago, wanda ya rasu a 2015, ya koya wa mutane haɗa sojoji da motoci da gine-gine su ba da labari ɗaya, ta takardun da kamfanin Monogram ya riƙa sakawa a akwatunansa a shekarun 1970 da littafinsa na 1980. Shi ne kuma ya tallata tsarin gasa inda ake auna kowane aiki da matakin gwaninta, ta yadda mutum fiye da ɗaya zai iya samun zinare. Ɗanɗano ma ya sauya. Sojan fareti mai ƙyalli ya ja baya, aka koma dakare mai taɓo a takalmi, da kakin da rana ta cinye, da gajiya a fuska.

Gidajen tarihi da halin da ake ciki

Manyan tarin waɗannan kaya sun zama gidajen kallo. A fadar Plassenburg da ke Kulmbach a Jamus akwai gidan tarihin sojojin kuza da aka kafa a 1929, mai ɗauke da fiye da 300,000. A cikinsa akwai wani fili guda mai mutane sama da 19,000 da ke nuna rushe garin a 1553. Duk bayan shekara biyu ana cin kasuwar masu wannan sana'a a garin. A Valencia ta Sifaniya an buɗe gidan L'Iber a 2007, inda aka baje dubun dubatan sojoji. Attajirin Amurka Malcolm Forbes ya ajiye nasa tarin a wani gidan sarauta a Tanja ta Maroko, bayan rasuwarsa aka yi gwanjonsa a 1997. Tsofaffin akwatunan Britains na sule ɗaya yanzu kayan gwanjo ne, kuma wanda fentinsa na asali da akwatinsa suke nan ya fi daraja nesa ba kusa ba.

Aikin haɗin gwiwa ma yana nan. A 2015, don cika shekara 100 da yaƙin Gallipoli, mai shirya fim Peter Jackson ya sa tagwayen masassaƙa Alan da Michael Perry suka fitar da sojoji masu milimita 54, masu sa-kai fiye da 100 a New Zealand suka yi wa kimanin 5,000 fenti, aka gina filin yaƙin Chunuk Bair a Wellington da sojojin ɓangarorin biyu, na New Zealand da na Daular Usmaniyya.

Sabon sauyi shi ne na kwamfuta. Masassaƙi yana zana soja a allo, ya sayar da zanen ta intanet, mai saye ya fitar da shi a gida da injin da ke gina abu hawa-hawa daga ruwan roba, a girman da ya ga dama. Tsadar mazubi ta daina zama shinge, saboda haka rundunonin da kamfanoni suka daɗe ba su kula ba, na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, sun fara samuwa. Fentin dai har yanzu da hannu ake yinsa, da siririn burushi da gilashin ƙara girma, kuma soja ɗaya na gasa yana iya cin makonni kafin a gama shi.